Ɗakin Ajiya

Ni ce Fasuma, mai makullin ɗakin baya
a ma'aikatar magajin garin Damagaram.
Shekara goma sha tara ina shaƙar warin tsohuwar takarda.
Gara ta san ni, na san ta:
ta ci rijistar hamsin da takwas daga bango har tsakiya.

Sai aka kawo na'ura.
Samari biyu daga Yamai, rigunansu sun sha guga,
wata huɗu suna ɗaukar hoton kowane shafi,
har da dangwalen yatsan wanda bai iya sa hannu ba.
Suka ce, "Inna, gara ta yi asara,
garin nan kaf ya shige akwati ƙarami kamar ƙwarya."

Na yi murna, ba zan ɓoye ba.
Sunan da kan cinye mini yini ina atishawa
yanzu yakan fito kafin shayina ya huce,
ƙirjina ma ya samu lafiya.

Ranar Alhamis, kasuwar Dole na ci,
tsoho Barmu ya shigo yana dogara sanda.
Shekara talatin da ɗaya ya tuƙa motar gyaran hanya,
an ce sai ya kawo shaidar haihuwa kafin fansho ya ci gaba.
Sammako ya yi daga Mirriya.

Na taɓa na'ura, ta ce in faɗi kalmar sirri.
Wannan ɓangaren na Tasi'u ne,
Tasi'u kuwa an mai da shi Gure tun kafin azumi,
ya tafi da kalmar a kansa kamar hula.
Na kira, ba ta shiga. Na sake kira.
Da ta shiga, wuta ta ɗauke.
Muka zauna ni da tsohon, ga ƙishirwa, ga murfi a kan rijiya.

Bayan la'asar akwatin ya buɗe baki.
Barmu uku na tarar a ciki,
kowanne da irin rubutun da akawun zamaninsa ya ga dama,
ɗaya ma an rubuta ya rasu.
Na ce, "Baba, wace ce mahaifiyarka?"
Ya ce, "Gaji, mai ƙosai a bakin Zango."
Sunanta ne ya raba mana gaskiya da ƙarya.

Akwai wata takarda da aka manna mini a bango:
wannan a riƙe shekara goma, wancan talatin,
wancan kuma har abada.
Nakan dube ta in yi shiru.
Dā in za a ƙona tsofaffin fayiloli
sai an tara shaidu, unguwa ta ga hayaƙi.
Yau yatsa ɗaya ya isa.
Babu hayaƙi, babu toka,
babu abin da za a share da tsintsiya.

Mahaifiyata ba ta taɓa zuba iri a rumbu ɗaya ba.
Shi ya sa kowace Juma'a, kafin a tashi,
nake kwafe aikin mako gida biyu,
ɗaya a nan, ɗaya a ɗakin ma'aji can ƙetaren titi.
Kalmar sirri kuma na sa an rufe ta a ambulan, an buga hatimi,
don ni ma wata rana zan yi tafiya.

Na miƙa wa Barmu takardarsa da ɗuminta.
Ya ce, "'Yata, in akwatin nan ya mutu fa?"
Na ce yana da ƙane.
Ya jinjina kai, bai ce komai ba.
Ya ninke ta huɗu, ya sa a leda, ya ɗaure bakin,
ya cusa ƙarƙashin hularsa,
ya bi gefen duwatsun Birni yana neman motar Mirriya.